Gajiyar Zuci a Tsakanin Malaman Makarantun Karkara: Nazari Daga Ƙasar Baure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan nau'in gajiyar da ke kama ma'aikaci bayan ya daɗe cikin matsin aiki, wadda barci da hutu ba sa kawar da ita. An ɗora bayanin a kan malaman makarantun gwamnati na ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura. Maƙalar ta nuna cewa a irin wannan muhalli malamin da ya gaji ba kasafai yake ajiye aiki ba. Yakan zauna a kan aikin, amma ya janye zuciyarsa daga gare shi, jama'a kuma su ɗauki hakan a matsayin ragwanci. Daga ƙarshe an kawo matakan da za su rage matsalar, waɗanda galibinsu sun shafi tsarin aiki ne.

Fitilun kalmomi: gajiyar zuci, malamai, makarantun karkara, Baure, ilimin bai-ɗaya

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya tarar da ɗan'uwansa ya taso daga aiki yakan ce masa, "Ina gajiya?" Amsar da al'ada ta tanada ita ce, "Ba gajiya," ko kuma, "Gajiya ta bi lafiya." Idan aka ce, "Ina aiki?" sai a ce, "Aiki da godiya." Wannan ladabi ne mai kyau, domin yana koya wa mutum juriya da godiyar Allah. Sai dai kuma yana nuna cewa a zaman Hausawa ba a saba bayyana gajiya a fili ba, balle irin wadda ba ta da alama a jiki. Malamin makaranta da ya shekara ashirin yana riƙe da alli zai amsa gaisuwar nan kamar kowa, ko da kuwa tun da asuba yake jin nauyin fita zuwa aji.

Matsalar ta wuce ta malami shi kaɗai. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a shekarar 2024 a kan malamai ya ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin shekarar 2030, kuma kusan miliyan 15 daga cikinsu a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Rahoton ya ce adadin malaman firamare masu barin aiki a duniya ya tashi daga kashi 4.6 cikin ɗari a 2015 zuwa kimanin kashi 9 cikin ɗari a 2022. Waɗannan alƙaluma suna ƙirga waɗanda suka tafi ne. Manufar wannan maƙala ita ce duba halin waɗanda ba su tafi ba.

2.0 Ma'anar Gajiyar Zuci da Asalin Nazarinta

Masanin halayyar ɗan'adam Herbert Freudenberger shi ne ya fito da wannan batu fili a shekarar 1974. Ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York da ke Amurka, waɗanda sukan fara aiki da zumuɗi, amma bayan kamar shekara guda sai ƙarfinsu ya ƙare, su koma masu saurin fushi da ƙyamar waɗanda suke yi wa hidima. Akan kwatanta halin da wutar da ta cinye makamashinta ta mutu. A shekarar 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka samar da ma'aunin tambayoyi 22 na gane wannan hali, daga baya kuma aka yi wa malaman makaranta nasu samfurin. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a cikin bugu na 11 na kundin rarrabe cututtuka, inda ta bayyana shi a matsayin lamarin da ke tasowa daga matsin aiki mai ɗorewa wanda ba a shawo kansa ba. Hukumar ba ta lissafa shi a cikin cututtuka ba, ta danganta shi da wurin aiki.

Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa halin yana da rassa uku, kuma Hausa tana da kalmar da ta dace da kowanne. Na farko shi ne galabaita, wato ƙarewar ƙarfin jiki da na zuciya, ta yadda mutum zai kwana ya tashi bai ji ya huta ba. Na biyu shi ne ƙosawa, wato mutum ya gundura da aikin da mutanen da yake yi wa aikin, ya riƙa kallonsu a matsayin kaya da aka ɗora masa. Na uku shi ne karaya, wato ya yanke ƙauna daga cewa ƙoƙarinsa yana haifar da wani abu. Haɗuwar waɗannan uku ita ce wannan maƙala ta kira gajiyar zuci.

Ya kamata a bambanta ta da abubuwa biyu. Gajiyar manomi da ya wuni yana huɗa takan bi lafiya da gaske, domin wanka da tuwo da barci sun isa su kore ta. Ita kuwa gajiyar zuci hutun ƙarshen zango ma ba ya raba mutum da ita, da zarar an koma makaranta sai ta dawo. Haka kuma ta sha bamban da ragwanci. Rago tun farko bai ɗauki aikin da muhimmanci ba, amma gajiyar zuci ta fi kama wanda ya shigo da himma, domin shi ne yake da abin da zai ƙone.

Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun nuna cewa halin yana tasowa ne idan aka sami rashin daidaito tsakanin ma'aikaci da aikinsa a fannoni shida: yawan aiki, da ikon yanke shawara, da sakamako, da zaman tare da abokan aiki, da adalci, da kuma dacewar aikin da abin da mutum ya yi imani da shi. Da wannan ma'auni za a duba ƙasar Baure.

3.0 Ƙasar Baure da Yanayin Aikin Malami

Baure ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Mai'adua da Sandamu. Tana ƙuryar arewa maso gabashin jihar Katsina, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar da kuma jihar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kusan 200,000. Ƙasa ce ta jigawa, damina gajera ce, jama'a kuma sun dogara da noman gero da wake da gyaɗa da riɗi, da kiwo, da fataucin kan iyaka ta garuruwa irin su Babban Mutum. Ƙauyuka da rugage a warwatse suke, makarantu ma haka.

3.1 Yawan Aiki

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, zuwa shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, har zuwa shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016, ƙoƙarin hukuma ya fi karkata ga shigar da yara makaranta. An yi nasarar cika azuzuwa, amma ɗaukar malamai bai tafi kafaɗa da kafaɗa da ita ba, kuma makarantun ƙauye su suka fi jin giɓin, domin mafi yawan malamai sun fi son zama kusa da gari.

Lissafi mai sauƙi zai nuna nauyin. A ɗauka malami yana da yara 100 a aji, ya ba su aiki, ya kuma ba littafin kowane yaro minti biyu. Wannan minti 200 ke nan, wato fiye da awa uku, a kan darasi ɗaya tak. Idan shi ne yake koyar da lissafi da Turanci da Hausa da kimiyya, to a fili yake cewa ba zai iya duba aikin kowa ba. Malami mai kishi zai gwada na wani lokaci, yana kai littattafai gida yana dubawa da fitila. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya rage ba da aiki, daga nan ya daina. A nan galabaita take fara zama ƙosawa.

Kalandar makaranta ma tana karo da ta gona. Zango na uku yana faɗawa cikin shuka da noman farko, zango na ɗaya kuma cikin kaka. Yara sukan ɓace na makonni, ranar kasuwa kuma aji ya rage. Malami zai koyar da darasi, rabin aji su dawo bayan an wuce shi, ya sake komawa baya. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta tagogi ta haɗu da ta alli a maƙogwaro.

3.2 Hanya da Kuɗin Mai

Malamin da aka tura ƙauye alhali iyalinsa suna cikin Baure ko Daura, babur ne abin hawansa, a kan hanyar rairayi. A watan Nuwambar 2019 gwamnatin tarayya ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka domin daƙile fasa-ƙwauri, matakin da ya tura mazauna irin wannan yanki ga 'yan bumburutu. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da yawa.

A ɗauka malami yana ƙona lita ɗaya a rana, kwana 20 a wata. A da, wannan bai wuce naira 4,000 ba, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. A farashin 1,000 kuwa ya zama 20,000, wato fiye da rubu'in sabon mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Ma'ana, zuwa aiki kansa ya zama abin da malami zai zauna ya yi wa lissafi.

3.3 Sakamako da Daraja

Hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar 2024, ta kuma fi tsanani a kan abinci. Rufe iyakar ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun taɓa kasuwannin da mutanen wannan yanki suke ci da sha daga gare su. Mai albashi a ƙauye kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, dangi da maƙwabta duk suna da rabo a ciki.

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda shi ma ɗan Daura ne, ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara, da ƙarin shekarun aiki. Batun shekaru ya zama doka a 2022, inda aka mayar da ritaya shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Amma albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, na sakandare kuma daga jiha, don haka aiwatar da sauran alƙawuran ya rataya ne a kan abin da kowace jiha ta ga za ta iya. Alƙawarin da aka ji a rediyo ba a gan shi a aljihu ba ya fi rashin alƙawarin ciwo.

Sakamako kuma bai tsaya ga kuɗi ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 domin horar da malamai ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, dukansu kuma sun koyar a aji kafin su shiga siyasa. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari ma malaman makaranta ne. A wancan zamani malami shi ne mai karanta wa gari wasiƙa, da shi ake shawara. A yau kowa yana da waya, darajar mutum kuma ta koma ga abin hannunsa. Maganar da ake yawan yi cewa ladan malami yana lahira, wadda asalinta yabo ce, ta zama hanyar rufe bakinsa.

3.4 Iko, Adalci da Zaman Tare

Malamin aji ba shi da ta-cewa a kan manhaja, ko yawan yaran da za a ba shi, ko makarantar da za a tura shi. Jinkirin ƙarin girma, da ƙarin girman da ba ya zuwa da kuɗinsa, ƙorafi ne da ƙungiyar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1931, ta daɗe tana yi a jihohi da dama. Idan malami ya ga wanda ya san wani an bar shi a gari, shi kuma ya shekara goma a ƙauye, to ya sami dalilin sassauta hannu. A makarantar da malamanta ba su wuce uku ko huɗu ba, babu wanda zai karɓi ajin wani idan ya yi rashin lafiya, babu kuma wanda zai koya wa sabon malami dabarun aiki. Malama mace tana da ƙarin kaya, domin idan ta taso daga aji girki da reno suna jiranta.

4.0 Yadda Gajiyar Zuci Take Bayyana

A ƙasashen da ayyukan yi suke da yawa, malamin da ya kai wannan matsayi yakan ajiye aiki ya nemi wani, hukuma kuma ta ga giɓin a takarda. A ƙasar Baure albashin gwamnati, komai ƙanƙantarsa, abu ne da ba a saki, saboda shi ne kuɗin da ake da tabbacin zuwansa ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ga kuma fatan fansho. Saboda haka malami yakan bar aikin yana kan aikin.

Alamun suna zuwa a hankali. Zai fara da makara da saurin tashi. Zai cika allo da rubutu ya ce a kwafa, ya fita ya zauna a gindin bishiya. Zai rubuta tsarin darasi domin mai duba makarantu kawai, ba domin ya yi aiki da shi ba. Bulala za ta yawaita, ko kuma ya daina tsawatarwa gaba ɗaya. Zai daina riƙe sunayen yara. Za a ji yana cewa 'ya'yan ƙauyen nan ba sa ganewa, maganar da ba ya yi a shekarunsa na farko. Hankalinsa zai koma gona, ko acaɓa, ko shago, inda yake ganin sakamakon guminsa da idonsa. A jiki kuma akan sami ciwon kai, da rashin barci, da dushewar murya, da saurin fushi da iyali.

Wanda ya fi cutuwa shi ne yaro. Rajista za ta nuna malami ya zo, yaro ya zo, amma yaron zai kai aji shida bai iya karanta jimlar Hausa ba. Uban da ya ga haka zai ce gara ɗansa ya bi shi gona ko ya tafi ci-rani, ba kuma za a ce bai yi tunani ba. Ficewar yara da raina makaranta su kuma suna ƙara wa malami karaya. Haka abin yake zagayawa.

5.0 Haƙuri da Horo

Amsoshi biyu aka saba ba wannan matsala. Ta farko ita ce nasiha: a yi haƙuri, a tuna amana. Haƙuri da tawakkali da zumunci garkuwa ce ta gaske, su ne ma suka riƙe malamai da yawa da tuni sun durƙushe. Amma haƙuri ba ya rage yawan yaran aji, kuma idan aka mayar da shi amsar kowane kuka, mai kukan zai yi shiru ne kawai.

Ta biyu ita ce tsanantawa: ziyarar ba-zata, da takardar tuhuma, da yanke albashi. Sa ido wajibi ne, domin akwai masu sakaci na gaskiya, kuma haƙƙin yara ne a kare su. Sai dai horo yana iya dawo da ƙafar malami aji, ba ya dawo da zuciyarsa. Mai duba makarantu da bai iya bambance rago da wanda ya galabaita ba zai ba su magani iri ɗaya, ya kuma ƙarasa karya na biyun.

6.0 Matakan Gyara

Ɗaukar malamai fiye da 7,000 da gwamnatin jihar Katsina ta yi a 2023 mataki ne da ya taɓa tushen matsalar. Amfaninsa ga wuri irin Baure ya dogara ne ga yadda aka rarraba su. Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma su riƙa tura malamai bisa yawan ɗaliban kowace makaranta, su kuma bayyana lissafin a fili.

Na biyu, a sa wa zaman ƙauye wa'adi sananne, a haɗa shi da alawus da ake auna shi da nisan hanya. Wanda ya san ranar da zai sauke kaya ya fi iya jure nauyinsa. A kuma fifita ɗaukar 'yan asalin ƙauyukan da suka sami takardar shaidar malanta ta ƙasa daga kwalejoji irin su ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da ta tarayya da ke Katsina, musamman mata, domin su ba su da matsalar hanya.

Na uku, kwamitocin kula da makarantu na al'umma, da dagatai da masu unguwanni da limamai, suna da abin yi da ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi: samar wa baƙon malami ɗaki, da aron gona, da tsayawa a kan zuwan yara lokacin damina da ranar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a haɗa makarantun da ke kusa da juna su riƙa zama lokaci-lokaci, malamai su tattauna darussan da suka gagara, tsofaffi su ja sababbi. A kuma horar da shugabannin makarantu da masu dubawa su gane alamun da aka ambata. Idan hali ya kai ga baƙin ciki mai tsanani, ko rashin barci mai ɗorewa, to ya zama na asibiti, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta amince da haƙƙin kowane ɗan ƙasa na samun irin wannan kulawa ba tare da tsangwama ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana gajiyar zuci a matsayin haɗuwar galabaita da ƙosawa da karaya, ta kuma nuna yadda cunkoson aji, da tsadar hanya, da raunin albashi, da zubewar daraja, da rashin ta-cewa suke haifar da ita a ƙasar Baure. Tun da malamin karkara ba ya iya barin aiki, matsalar ba ta fitowa a alƙaluman hukuma, sai dai a ga sakamakonta a kan yaran da suka gama firamare ba su iya karatu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka duk gyaran da za a yi ya kamata ya fara da sauraron malaman kansu, a wurin da za su iya ba da amsar da ta wuce "ba gajiya" ba tare da tsoron takardar tuhuma ba.